Ƙasan Akwatin Nomau

Akwai ranar da ba ta taɓa barin raina ba cikin duk shekarun da na yi ina aikin gandun daji, kuma labarinta nake so in ba ku, ku sababbin shiga, tun da an ce gobe za a raba ku ƙauyuka da akwatunan zuma. Ɗazu na ji biyu daga cikinku suna musu a bakin buro, ofishin nan namu, wannan ya ce ƙasan raga ya fi, wancan ya ce ƙasan katako. Na yi shiru ne kawai, don musun ya girme ku. Mu ma mun yi shi har muryoyinmu suka dushe. Yanzu da muka zauna, ku ba ni kunnuwanku.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba su taɓa buɗe akwati ba. Iyayenmu da amya suka san zuma. Ana saƙa ta da ciyawa, a yaɓe ta da ɗanyen kashin shanu har iska ba ta samun wurin shiga, a turara ta, a rataye can saman bishiya. Akwatin da muke rabawa kuwa a ƙasa yake zama, bisa ƙafafun ƙarfe, da sanduna jere a samansa inda ƙudan zuma ke rataya saƙarsu, da murfin kwano. Abin da ya raba kan ma'aikata shi ne ƙasansa. In katako ne, cikin yana da duhu da ɗumi, ƙanshin turare yana zama, sabuwar zuma tana saurin yarda da shi. Amma datti yana taruwa, tsutsa tana samun wurin kwana, kuma in bazara ta kama, zafi ba ya da mafita sai ƴar ƙofar nan. In ragar ƙarfe ce, iska tana ratsawa, datti da ƙananan ƙwarin da ke maƙale wa ƙudan suna zubewa ƙasa. Sai dai haske yana shiga, sanyin ɗari yana shiga, kuma sau da yawa sabuwar zuma takan leƙa ta ce ba da ita ba, ta kama gabanta. Kowane ɗaya da ranarsa, kowane ɗaya da cutarsa.

A shekarar da nake magana, ina ƙaramin ma'aikaci, ni ke zagaya ƙauyuka da babur. Shugaban buronmu, wanda muke kira Shef, ya tara mu kafin a ba kafinta aiki a Birnin Konni. Bazarar da ta wuce saƙa ta narke a wasu akwatunan katako wajen Malbaza, abin kuma ya tsaya masa a rai.

Ya ce, "Bana raga za a sa wa duka. Ba na son in sake jin an ce zuma ta dahu cikin akwatinmu."

Na ce, "Shef, a yi haƙuri. In aka sa raga tsirara, rabin su ba za su kama ba. Mun gani."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, kai da ka gani, me za a yi?"

Na ce a sa raga, amma a yi mata allo mai zamewa daga ƙasa. Da ɗari a tura shi ya rufe, akwati ya zama kamar na katako. In zafi ya taso a zare shi. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, a wajen horo na gan ta. Shef ya yi ɗan tunani, ya ce a yi wasu haka, wasu kuma a bar su da katako, kowane mai zuma ya zaɓa da kansa. Mutum ne mai zafi, amma yana jin magana, Allah ya ji ƙansa.

Cikin waɗanda aka ba ni akwai Malam Nomau, a wani ƙauye tsakanin Dogarawa da Illela. Duk yankin an san shi da zuma. Su biyu ne da wansa, Baba Arzika, kuma tun suna samari suka raba aikin. Arzika ke saƙa amya ya yaɓe ta, Nomau ke hawa ya rataya, shi ke saukowa da zuma. Arzika bai taɓa hawa ba, jiri yake ji. Nomau kuwa ko igiya bai iya tufkawa da kyau ba. Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu.

Sai reshen gawo ya karye da Nomau. Ƙashin ƙafarsa ta dama ya fashe, aka ɗaure, ya warke a karkace, da wani miki da ya ƙi rufewa. Da sanda yake tafiya, hawa kuwa ya ƙare har abada. Amyarsu da ke bisa itatuwa suka lalace ɗaya bayan ɗaya, babu mai gyara, har ta rage guda ɗaya tak mai zuma a ciki. Zuma ta yi ƙaranci a yankin, ba kamar da ba. Kafin mutum ya kama sabuwa sai ya rataya amya da yawa a itatuwa da yawa, ya yi ta hawa yana dubawa. Saboda haka wannan ɗayar ita ce duk abin da ya rage masa na sana'arsa. In zumar ta zauna cikin akwati a ƙasa, zai iya kula da ita da sandarsa, har mu raba ta biyu nan gaba. In ta tashi, ba shi da hanyar samun wata. Surukinsa, mijin ƴarsa, mai rumfa a kasuwar Konni, ya daɗe yana cewa ya komo gari ya zauna masa a rumfa. Nomau ya ƙi. Ya ce mini shi bai iya zaman jiran mutane ba.

Ranar zaɓe na je da motar buro, da akwati biyu a baya. Mushe suke ce mini, wato malamin boko, kamar yadda suke ce wa duk mai wando da babur, ko bai taɓa koyar da kowa a lakwal, wato makaranta, ba. Muka sauke akwatunan a gefen gonarsa, bayan gari, ƙarƙashin wani ɗan dogonyaro. Nan ne iyakar inda ƙafarsa ke kai shi. Baba Arzika ya biyo mu, amma ya zauna can nesa yana tufka igiya. Kunnensa ya yi nauyi, kuma na lura akwatin bai yi masa daɗi ba. Na fahimce shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana saƙa da yaɓe, ga shi an kawo abin da kafinta ya buga da ƙusa, ba a buƙatar hannunsa ko kaɗan.

Nomau ya zagaya akwatunan a hankali. Ya buɗe na katako, ya sa kansa ciki ya shaƙa. Ya buɗe na raga, na zare masa allon, ya ga ƙasa ta cikin ramukan.

Ya ce, "Mushe, wanga kam rariya ce. Zuma duhu take so. Ni ban taɓa ganin ta zamna inda ana ganin ta daga ƙasa ba."

Na ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa aka yi allon. Da shi za mu fara."

"To mi ya hana mu ɗauki na katako mu huta?"

Na ce masa babu abin da ya hana, zaɓinsa ne. Amma na nuna masa inuwar. Dogonyaron ƙarami ne, da rana ta karkata sai inuwar ta gudu ta bar wurin. Amya tana can sama inda iska ke kaɗawa, jikinta ciyawa ne. Wannan kuwa katako ne da kwano, kusa da ƙasa mai zafi. Na ce kuma saƙar da za mu ɗaura a sanduna sabon ɗauri ce, ba ta da ƙarfin da take da shi a amya.

Ya ce mu zauna. Muka zauna muna hira har aka yi azahar, muka yi salla a nan gefen gonar. Sannan ya tashi, ya dogara sandarsa, ya ɗora tafin hannunsa bisa murfin kwanon. Da sauri ya janye.

Ya ce, "Yanzu ko ɗari bai wuce ba, ga shi haka. Ina ga bazara? Ba ni mai ragar. Amma ka nuna mini zare allon nan da mayar da shi har hannuna ya saba."

Na nuna masa. Ya yi ta zarewa yana mayarwa, yana dariya, yana cewa ashe tsufa bai hana shiga lakwal ba. Daga baya ya zo horon da muka yi a gari. Ƙa'idar lokacin ita ce mutum ɗaya daga kowane gida, wanda aka ba akwatin, shi ke zuwa. Ya fi kowa tambaya.

Muka sauko da amyar wata yamma, bayan la'asar sakaliya, da tsanin buro da igiya. Ni na hau, da tumbina da komai, Nomau yana ƙasa yana ba ni umarni kamar shi ne Shef. Muka tsaga amyar a hankali, muka yanka saƙa mai ƴaƴa muka ɗaura a sanduna da zaren kaba. Da idona na ga uwar zumar, sarauniyarsu, ta gangara ciki. Muka rage ƙofar ta zama ƴar ƙarama saboda ƙadangare da zanzaro, tun da in zafi ya zo iska ta ƙasa za ta shiga. Muka sa ƙafafun cikin gwangwanaye da baƙin mai saboda tururuwa. Da muka gama, Baba Arzika ya matso. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin akwatin, ya ga allon a rufe ruf, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ya toshe da kyau." Ya tattara ragowar amyarsa ya tafi gida.

Zumar ta zauna. Wallahi na yi murna kamar ni aka yi wa haihuwa. Duk zagayen da na yi, sai in tarar da Nomau zaune bisa wani kututture kusa da akwatin, ƙafar miƙe, yana kallon shiga da fitarsu. Ya aje musu kasko da ruwa da tsakuwa a ciki. Dogonyaro ya yi fure, suka cika saƙa. Da zafi ya fara, shi da kansa ya zare allon, ya kai shi gida ya tura ƙarƙashin gadonsa, don kada mata masu biɗar itace su ɗauka yasasshe ne. Na je na gani, na ce madalla. Muka yi shawarar in damina ta faɗi za mu raba ta biyu.

Ana tsakiyar bazara mikin ƙafarsa ya tashi. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, aka sa shi a motar kasuwa zuwa asibiti babu shiri. An ce mini suna ɗaga shi ya riƙe hannun wansa, ya ɗaga murya don ya ji, ya ce, "Yaya, ka duba mini su. Ka riƙa zuba musu ruwa." Iyakar abin da ya samu ya faɗa ke nan.

Ni ban ji labarin ba sai da zagayena ya kawo ni. Zafin makon nan, ku da kuka taso a nan kun san irinsa. Ƙarfen babur ba ya taɓuwa. Na iso da hantsi, na wuce kai tsaye gonar. Tun daga nesa na ga ba lafiya. Ƙudan sun yi cincirindo a jikin akwatin daga waje, baƙi ƙirin, kukansu ba irin na masu aiki ba ne. Zuma tana ɗiga daga ƙofar tana bin ƙafar ƙarfe, tururuwa sun yi layi a ƙasa. Kaskon ruwan kuwa cike yake, an ma wanke shi.

Na sa rigar aiki, na kunna hayaƙi, na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Babu raga. An yaɓe ta tas da kashin shanu, daga kusurwa zuwa kusurwa, sumul, ya bushe ya yi tauri. Har ƴan tsagogin da ke tsakanin murfi da jikin akwatin an bi an toshe. Ban taɓa ganin yaɓe mai kyau irin wannan ba.

Na buɗe murfin, zafi ya bugi fuskata. Saƙar duk ta saki sandunan ta zube ƙasa, ta cakuɗe da zuma da ƴaƴa da matattun ƙuda. Na sa hannu ina tonawa, ina Allah-Allah. Can ƙasa na same ta, uwar, ta nutse cikin zuma, ba ta motsi. Na ɗora ta a tafin hannuna, na rasa abin da zan yi. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Ina nan durƙushe na ji takun mutum. Baba Arzika ne, ɗauke da tulun ruwa a kafaɗa. Daga inda yake bai ga cikin akwatin ba. Fuskarsa cike da fara'a, irin wadda ban taɓa gani gare shi ba.

Ya ce, "Mushe, ka zo? Ka ga gyaran da na yi mishi? Ɓarayi sun sace allon ƙasa, sunka bar abin a buɗe, iska na shiga, haske na shiga. Na ce ƙanena na kwance, ba ni bari su tashi. Ka duba hannu, ka gani ko kafintanku ya iya haka."

Jama'a, na sha tsayawa gaban masu saran itace da gatari a hannunsu, ban ji abin da na ji a wannan lokacin ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na rage hayaƙin, na ce ya aje tulun, ya matso ta bayana. Ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Shi ba baƙon zuma ba ne, ba sai an yi masa bayani mai tsawo ba. Na dai kai bakina kusa da kunnensa na gaya masa cewa ba sata aka yi ba, Nomau ne ya zare allon da kansa, ragar don iska aka yi ta.

Ya ce, "Don iska?"

Na ce, "Don iska, Baba."

Ya zauna daɓas a ƙasa mai zafin nan. Ƙuda suna harbinsa a wuya da hannu, ko korarsu bai yi ba. Sai da na ja shi zuwa inuwa.

Na yi abin da aiki ya ce a yi. Na kwashe abin da ya zube, na fasa yaɓen ta gefe ɗaya don iska ta samu hanya, na yi wa akwatin rumfa da zana. Dabara ɗaya ta rage, in samo saƙa mai sababbin ƙwai daga wani akwati in sa musu, ko za su yi sabuwar uwa. Akwati mafi kusa yana wajen Malbaza. Na buga wa Shef waya, ya ce in je in ɗauka, shi zai yi wa mai shi magana. Na tafi, na samo, na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin in dawo washegari sun watse. Ƴan tsiraru na tarar suna lasar katako.

Baba Arzika yana wurin. Ya riƙe mini hannu da hannuwansa biyu.

Ya ce, "Mushe, don girman Allah, kankare sauran. Ka ce mishi zahi ne. Ka ce tashi sunka yi. Kar ya san ni ne."

Na ce, "Baba, ƙarya ba zan yi masa ba. Amma ba ni zan fara buɗe baki ba. Ga wuƙa, in kana so ka kankare da kanka."

Ya karɓi wuƙar, ya durƙusa, ya kai ta jikin yaɓen. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙo mini ita, ya ce ba ya iyawa. Na mayar da ita kube, muka rufe akwatin muka bar shi.

Da aka sallamo Nomau, aka aiko mini, na je. An ceci ƙafar, amma ya rame ƙwarai. An riga an gaya masa zuma ta tashi, ba a gaya masa dalili ba. Ya ce a kai shi ya gani. Muka tafi mu uku, a hankali, yana tsayawa yana hutawa.

Ya buɗe murfin, ya dubi sandunan da zaren kaba ke reto a jikinsu. Ba ya iya durƙusawa, sai ya dafa akwatin da hannu ɗaya, ya zura ɗayan ƙarƙashi. Na ga yatsunsa suna bin yaɓen, daga wannan kusurwa zuwa waccan, suka dawo. Ya tsaya. Ni dai kaina yana ƙasa.

Baba Arzika ne ya kasa daurewa. Ya fashe da kuka, tsoho da furfurarsa, yana cewa, "Ni ne. Ni na kashe maka su, Nomau. Ni ne."

Na ɗauka Nomau zai yi faɗa, don shi ma ba ya da sanyi. Ya ɗaga kai ya dubi sama na wani lokaci. Sannan ya matsa kusa da kunnen wansa.

Ya ce, "Yaya, shanun garin nan duk sun tahi kudu. Ina ka samu ɗanyen kashi cikin wanga rani?"

Baba Arzika ya ce, cikin kuka, a rugar da ke bayan dutse, kusa da rijiyar makiyaya. Na san wurin. Ko da babur sai mutum ya ji a jikinsa.

"Da ƙahwa ka tahi?"

"Da ƙahwa. Na hwarko bai isa ba, na koma."

Nomau ya rufe fuskarsa da hannun da ya taɓa yaɓen. Kafaɗunsa suka yi ta girgiza. Ni ma ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba, na juya na yi kamar ina gyara zanar rumfa. Da ya samu kansa, sai ya kama wansa ya ce ya isa haka, ya bar kuka, rana tana yi masa yawa. Bai ƙara cewa komai game da zumar ba, a ranar ko bayanta, a gabana dai.

Muka yi ƙoƙari. Na kankare akwatin, na mayar da allon, muka turara shi muka bar shi ko wata za ta shigo. Damina ta zo ta wuce, kaka ta yi, ƙadangaru ne kawai suka tare a ciki. Na roƙi Shef a raba masa daga wani wuri, amma a shekarar babu akwatin da ya yi ƙarfin rabuwa. Da ɗari ya shigo, Nomau ya kira ni ya ce in ɗauki akwatin in ba mai ƙafa. Surukinsa ya zo da mota ya kwashe shi da matarsa. Yana nan a Konni har yanzu, zaune a rumfa, yana auna wa mutane gishiri da barkono. In na bi ta wurin mukan gaisa. Yakan tambaye ni ko gawo ya yi fure bana.

Bayan wannan ne muka canza tsari a buronmu. Ba mu sake aje akwati a gona ba sai mun tara duk gidan, tsofaffi da mata, kowa ya zare allon da hannunsa ya mayar, a gaya masa dalili, in kunnensa ya yi nauyi a ɗaga murya. To, ku masu musu, ga amsata. Raga tana da kyau, katako yana da kyau, ku dubi inuwa da lokaci ku zaɓa tare da mai shi. Amma kada ku ɗauka zaɓin ya ƙare ranar da mai akwati ya ce ga wanda yake so. Mutanenmu ba su iya ganin abin ɗan'uwa a buɗe su wuce ba. Za su gyara shi da abin da suka sani, da zuciya ɗaya, kuma wanda ya fi son mai akwatin shi zai riga kowa kai hannu.

Bara aiki ya bi da ni ta ƙauyen, na tsaya gaida Baba Arzika. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ma ya fara rauni. Na tarar da shi a zaure yana saƙa amya. A jikin bango kuma ga wasu jingine, an yaɓe su tsaf, ta ƙarshen gara ta fara cin ta. Na kai bakina kunnensa na tambaye shi wa zai rataya masa su.

Ya ce, "Babu kowa, Mushe. Ina dai aje mishi, ko ƙahwar ta yi sauƙi."